Tayar gaba da takardar tara a hanyar Jega zuwa Koko

Ni direban tirela ne. Mafi yawan lodina albasa ce, daga Aliero zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, in kuma ba lokacinta ba ne sai in ɗauki shinkafa daga Argungu ko Birnin Kebbi. Hanyar guda ce kullum: Jega, Maiyama, Koko, Yawuri, Kontagora, a gangara Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, sai Ilorin da Ogbomosho da Ibadan. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a watan Maris na 2024, cikin azumi. Ina so ƙananan direbobi da yaran mota su karanta, domin da yawansu har yau ba su san abin da ke biyo baya ba idan jami'i ya zaro takardar tara ya fara rubutu. Rashin sanin nan ne ke sa hannu ya riga tunani isa aljihu.

Masu ɗaga mana hannu a hanya ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a bakinmu duk "ma'aikata" muke ce musu. Akwai 'yan sanda da sojoji, nasu tsaro ne. Akwai kwastan, musamman a Kebbi da ke iyaka da Nijar da Benin, su kayan da ke bayanka suke tambaya da inda ya fito. Akwai 'yan VIO masu farar riga da baƙin wando, ma'aikatan jiha ne, su ke ba da takardar shaidar lafiyar mota. In ka shiga Zamfara ga 'yan ZAROTA, a Kano kuma KAROTA, wato hukumomin jiha masu kula da zirga-zirgar motoci. Sai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin Babangida, mu 'yan rod sefti muke kiransu. Bayan waɗannan duka sai masu katako mai ƙusoshi, ba kaki ba katin shaida, sai damin rasit a hannu da sunan harajin kaza na wuri kaza. Waɗannan na ƙarshe ban taɓa ganin ɗayansu ya sunkuya ya dubi taya ba.

Takardun motar a cikin wata jakar leda mai zif nake ajiye su, bayan kujerata, a jere yadda ake tambayarsu. Lasina na tuƙi ajin G ne, wanda shi ne na motar da ke jan bodi, don lasin ƙaramar mota ba ya fitar da kai a kan tirela. Sai lasisin motar, da takardar mallaka, da takardar lafiyar mota da ake sabunta wa motocin haya duk wata shida, da inshora wadda kuɗinta na manyan motocin kaya ya koma naira 100,000 tun farkon 2023, sai webil, wato takardar bayanin kayan da ke sama. Maigidana Alhaji, mai motar, a yi masa adalci, ba ya wasa da takarda. Kafin wata ta mutu ya sabunta ta. Inda yake da rauni shi ne taya.

Motar DAF ce mai taya 18, shida a kai, sha biyu a bodi. Tayar gaba ta gefen yaro gwanjo ce, irin waɗanda muke ce wa 'yan Beljiyam. Ranar da aka kawo ta gareji zanenta da sauran kauri, wanda bai sani ba zai rantse sabuwa ce. Amma da ta sha ranar Kebbi sai gefenta ya fara tsattsagewa. Na sha faɗa wa Alhaji, a waya da baki da baki, amsar ba ta canzawa: "Ka lallaɓa wannan tafiyar, in ka dawo a duba." In na dawo kuma wani lodin na jira, gas ya haura naira 1,000 kowace lita, sai a sake cewa a lallaɓa. Ƙarfin direba kaɗan ne a nan. In ka ajiye makulli da safe, kafin la'asar wani a tasha ya ɗauka.

Ranar mun gama lodi tun dare, muka yi sahur a Aliero, muka tashi bayan gari ya waye. Mun wuce Jega da kaɗan sai na hango shuɗiyar motar sintirin 'yan rod sefti a gefen titi. Yarona ya ce, "Maigida, sun ɗaga muna hannu." Na kunna sigina, na rage giya ɗaya bayan ɗaya, na nemi inda ƙasa ke da ƙarfi na sauka daga kwalta gaba ɗaya. Tirela mai lodi ba ta tsayawa daidai inda aka ɗaga hannu, kuma jami'in da ya san aikinsa ba ya jin haushi in ka wuce shi da 'yar tazara, muddin ya ga siginarka. Na ja birkin hannu, yaro ya diro ya sa waji ya tokare taya.

Wanda ya zo wurina matashi ne, ba zai girmi ɗana na fari ba. Ya ce, "Ina kwana Baba, ya ibada?" Na ce, "Lafiya lau yallaɓai, ya aiki?" Ya karɓi jakar ya fara da lasina. Ya dubi hoton ya dube ni, ya duba ajin, ya duba ranar ƙarewa. Ya bi sauran takardun ɗaya-ɗaya, ya zagaya gaba ya gwada lambar motar da wadda ke rubuce. Bai maido min da su ba, ya riƙe a hannu ya ce in hau in tayar da mota.

Fitilar kusa, fitilar nesa, sigina hagu da dama, hon, waifa. Abokin aikinsa ya tsaya a baya yana faɗa masa ko jar fitilar birki ta kama. Ya tambayi takardar na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya gadan-gadan tun 1 ga Fabrairun 2017, na miƙa masa. Sai ya ce in bar iska ta cika, in kashe inji, in taka birki in riƙe. Ya bi gefen motar a hankali yana kasa kunne, ya fi daɗewa wurin tiyo biyun nan, ja da ruwan ɗorawa, da ke haɗa kai da bodi. Birkin tirela da iska yake aiki, in akwai inda take zurarewa za ka ji huci. Bai ji komai ba. Yaro ya fito da tukwanen kashe gobara, ya duba allurar kowace ko tana kan kore. Ya ga jak, ya ga alwatika mai ƙyalli da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace, ya ga safaya. Ya ja igiyoyin lodi, ya ɗaga kai ya leƙa ko akwai mutane a kan buhuna, domin ɗabi'ar ɗora fasinja a kan kaya ta ci rayuka da yawa a hanyar nan.

Sannan ya dawo kan tayoyi, a nan ne ya daɗe. Ya faro daga baya yana bugun kowace, yana leƙa tsakanin tagwayen ko dutse ya maƙale. Da ya iso ta gaba gefen yaro sai ya durƙusa. Ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke gefenta har wani ɗan zagaye mai lamba huɗu ya fito, a ƙarshen jerin haruffan da ke farawa da DOT. Ya ce in matso. Lambar ita ce 1719. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: an ƙera tayar a mako na 17 na 2019, wato wajen ƙarshen Afrilu. A ƙa'idar da hukumarsu ke aiki da ita, shekara huɗu ne wa'adin taya daga lokacin da aka ƙera ta, ko an hau ta ko tana jingine a shago, domin roba bushewa take yi da kanta. Sai ya zaro makullinsa ya sa bakinsa cikin ɗaya daga tsagogin nan. Bakin makullin ya shige, baƙin gari ya zubo a kan takalminsa.

Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan ta kusa shekara da mutuwa, kuma a gaba take. Ka san abin da nake nufi."

Na sani kuwa. Tayoyin baya tagwaye ne, in ɗaya ta fashe 'yar'uwarta za ta riƙe ka har ka sauka gefe. Ta gaba ita kaɗai ce, kuma ita ke bin umarnin sitiyari. In ta fashe kana tafe da lodi, motar za ta fizge zuwa gefen da ta fashe, bodin da ke bayanka kuma turo kan zai ci gaba da yi da duk nauyinsa. A watan Maris da rana tsaka, kwaltar Koko zuwa Yawuri tana yin zafin da iskar cikin taya ke kumbura, lokacin ne tsohuwar roba ke sallamawa. Na ga kan tirela a cikin rami a wannan hanyar, albasa warwatse har cikin gonaki, mutane suna haƙa da hannu suna neman yaron mota a ƙarƙashin buhuna. Duk direban da ya daɗe a layin nan yana da wurin da in ya iso yake yin shiru.

Ya kira shugaban tawagar, wani mai manyan shekaru da ba ya yawan magana. Shi ma ya durƙusa ya gani da idonsa, sannan aka ciro takardar sanarwar laifi. Ana rubuta sunanka, lambar lasinka, lambar mota, wuri da lokaci, sai a yi alama a kan laifin. Kowane laifi da kuɗinsa a ƙayyade, ba jami'i ke yankawa ba. Na taya a lokacin naira 3,000 ne. Shugaban ya yi min bayani a taƙaice: ko in biya tarar a asusun gwamnati, ko in ban yarda na yi laifi ba a kai maganar kotu in kare kaina. Su ba sa karɓar kuɗi a hannu. Takarduna za su zauna a wurinsu, motar kuma za ta bi su ofis, ba za ta ci gaba da tafiya a kan wannan tayar ba. Na ce ina da safaya. Ya ce, "Sa ta, amma in ka sa ta ka zama marar safaya, shi ma laifi ne, Legas kuma da nisa. Ka kira mai motar."

Ina komawa wajen mota sai wani mutum da ke zaune a gindin dogon yaro tun zuwanmu ya taso ya biyo ni. Ba kaki a jikinsa, shadda ce da hula. Ya rage murya ya ce, "Direba, albasa fa ka ɗauko. Kawo dubu goma in yi maka magana, yanzu a ba ka takardunka." Ban ga ya yi magana da ko ɗaya daga jami'an ba, su ma ban ga sun kula shi ba. Irinsu suna nan a kusan kowane shinge, sun san kayan da ke lalacewa da waɗanda ba sa lalacewa. Mai tumatir da mai albasa da mai shanu su ne abincinsu. Na ce masa na gode, an riga an rubuta.

Na kira Alhaji. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, "To ka ba su na goro ku wuce mana, me ya sa ka bari aka rubuta?" Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, in na ba da na goro, tayar tana nan a ƙarƙashina. Ni ne a kan sitiyarin, ga ɗan mutane a gefena. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Sun ce motar ba ta motsawa sai da wata tayar." Ya yi shiru, ya ce zai kira ni. Ban taɓa yi masa magana haka ba, takardar da ke hannuna ce ta ba ni baki.

A nan nake so a fahimce ni sosai. Naira 3,000 ba ta tsorata kowa a harkar tirela, ba ta ma kai kuɗin gas ɗin da mota ke sha daga Aliero zuwa Jega ba. Lokaci ne direba ke tsoro. Albasa tana zufa a cikin buhu, in mota na tafiya iska na ratsa ta, in ta tsaya a rana sai zafi ya taru a tsakiyar lodi, ta ƙasa ta fara laushi. Mai kaya yana kira, dillali a Legas yana kira, farashi na iya faɗuwa in motoci sun riga ka shiga kasuwa. Shi ya sa mutum zai ba da dubu goma a ɓoye don ya kauce wa tarar dubu uku. Mai mota kuma nasa lissafin daban ne: sabuwar taya ɗaya kuɗinta ya ninka tarar ninkin-ba-ninkin, to gara masa a yi ta ba da na goro tafiya bayan tafiya. Mai karɓa ya samu, mai mota ya huta, mai kaya ya ji daɗi, mu biyun da ke zaune a saman tayar ne kawai ba mu ƙaru da komai ba. Abin da ya isa har falon Alhaji ranar shi ne cewa da aka yi motar ba ta tafiya.

Muka bi motarsu a hankali zuwa ofishinsu mafi kusa, aka nuna min inda zan ajiye a harabar. Abu na farko da muka yi, ni da yaro, shi ne ɗage tamfol ta gefe biyu don iska ta samu hanya. Wata jami'a a teburi ta shigar da bayanan takardar cikin babban littafi, ta yi min bayanin biya. Tun da aka koma asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, kuɗin tara a lokacin ta Remita yake bi, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet. Sai an fitar maka da wata lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, mai ɗauke da sunanka da adadin kuɗin, da ita za ka biya a banki, ko a waya in kana da manhajar bankinka kuma ka iya. Ta kuma ja kunnena cewa in mota ta wuce awa 24 a harabar, kuɗin ajiya zai fara hawa.

Na hau mashin zuwa wani shagon kwamfuta a cikin gari. Yaron shagon ya karɓi takardar ya kwafe lambarta. Na tsaya a kansa na sa ya karanta min suna da lamba da ƙarfi kafin ya buga, domin in abu ɗaya ya kauce, kuɗin zai tafi amma ba a kan takardarka ba, gyaran kuma ya fi biyan wahala. Ya cire ɗan ladansa, ya ba ni takarda mai lambar. A banki layi ne, da aka iso kaina kuma sabis ya ɗauke. Wannan jiran shi ya fi cin raina a duk ranar: kana zaune a sanyin banki, ranka yana can kan buhunan da ke gasuwa. Direban da ya iya biya da wayarsa zai gama wannan matakin a tsaye a gefen motarsa, shi ya sa daga baya na sa ɗana ya koya min. Da sabis ya dawo aka buga min rasit, na biya ta shagon na yi masa kwafi, tare da takardar laifin.

Ina cikin banki alat ɗin Alhaji ya shigo. Na tura yaro Jega wurin masu taya, na ce kada ya dubi kaurin zane, kada ya saurari rantsuwar mai shago, ya nemi lambar nan huɗu ya karanta min a waya kafin ya biya. Can ya kira: "Maigida, wagga an rubuta 4123." Mako na 41 na 2023, wata biyar kenan da ƙera ta. Na ce ya ɗauko, ya taho da mai faci.

Kafin a maido maka da takardu akwai zaman wayar da kai. Wani ɗaki ne mai benci, hotunan haɗurra a bango. Mun taru da wani mai Golf da aka kama da fasinja biyu a kujerar gaba, da direban tifa da bai rufe yashinsa ba, da wani matashi da aka gani yana waya yana tuƙi. Jami'in da ya yi mana magana da Hausa ya yi, bai wulaƙanta kowa ba. Ya tuna mana cewa iyakar gudun tirela da tanka kilomita 45 ne a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwaye. Ya yi magana kan barci da shan ƙwayoyin hana shi, ya ba mu lambar kiran gaggawa ta 122. Da ya ba da damar tambaya sai direban tifar ya ce, su ramukan da ke fasa mana tayoyi, wa ake rubuta wa tara? Jami'in ya ce su rahoto suke kaiwa, gyara ba a hannunsu yake ba. Amsa ce ta gaskiya, tambayar ma ta gaskiya ce. Wanda ya bi Mokwa zuwa Jebba da lodi, ko ya tuna makonnin da motoci suka yi cirko-cirko bayan karyewar gadar Tatabu a 2017, ya san ba duk fashewar taya ce laifin mai mota ba. Amma tawa ba rami ne ya tsufar da ita ba.

Bayan azahar yaro ya iso a bayan a-kori-kura da tayar da mai faci. Canza tayar gaba da cikakken lodi a sama ba ƙaramin aiki ba ne, ballantana da azumi a baki. Muka ƙara waji a baya, muka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak don kada ƙasa ta shanye shi. Notin sun kafe, sai da aka zura dogon bututu a kan sifana, yaro ya hau kai da ƙafa biyu yana tsalle kafin kowane ya yi ƙara ya saki. Da mai faci ya raba tsohuwar da rim sai ya juyo cikinta ya nuna min: faci babba har biyu, ga wuri ɗaya inda wayar ciki ta fara fitowa ta yi tsatsa. Daga waje babu mai ganin wannan, har jami'in da ya kama ta. Na ɗauki hoto na tura wa Alhaji, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Shugaban tawagar ya fito ya duba lambar sabuwar, ya karɓi rasit ya gwada da littafinsu, na sa hannu a gaban sunana, aka miƙo min jakata. Na buɗe na ƙirga takarduna a gabansu, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, domin in ka gano babu ɗaya a Kontagora, dawowa za ka yi. Matashin da ya tsayar da ni ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Na ce, "Amin, Allah ya ba da lada." Har cikin zuciyata na faɗa.

La'asar ta yi sakaliya lokacin da muka fito. Mun sha ruwa a Koko, kuma a can muka kwana, domin tun bayan sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba na son duhu ya same ni a wannan yankin in da hali. Daga nan zuwa Legas masu katako sun tare mu a wuraren da suka saba, kowa da rasit ɗinsa, ba wanda ya tambayi lafiyar motar. Irin wannan tatsar tana cikin abubuwan da suka sa dillalan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, kuma har yau ba ta ƙare ba. Ni ba na haɗa su da wanda ya durƙusa ya goge min ƙurar taya.

Bayan wannan da 'yan watanni, a Oktoban 2024, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa 'yan VIO na babban birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da mota, kama ta ko cin tarar direba. Labarin ya zagaye tashoshi, wasu samari suka ɗauka an soke duba mota a duk ƙasa, har suna gardama a shinge. Hukuncin kan ma'aikatan Abuja ne. Bai taɓa FRSC ba, wadda ke aiki da dokarta ta 2007, jihohi kuma kowace da dokarta. Kada wani ya je ya tsaya musu a Jega da hukuncin Abuja a baki.

Abin da nake ganin ya rage a gyara shi ne sunan da ke kan takardar. Laifin gudu ko waya ko barci, na direba ne, a rubuta masa. Amma taya da birki da fitila, mai mota ke saye ko ya ƙi saye. Tun 2007 akwai tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin haya biyar ko fiye ya yi rajista da FRSC, ya ajiye mai kula da lafiyar motocinsa, a kuma riƙa zuwa dubawa. Mafi yawan masu motocinmu a nan ɗaya gare su, ko biyu ko uku, don haka ba jami'in da ke taka garejinsu, direba kaɗai ke haɗuwa da shi a bakin titi. Da za a riƙa ɗora irin wannan laifin a kan sunan mai motar, a hana sabunta takardunta sai ya nuna ya gyara, da kasuwar gwanjo ta ragu.

Mun shiga Mile 12 a makare, wasu buhunan ƙasa sun yi ruwa, mai kaya ya rage kuɗin mota. Da na dawo sai na tarar Alhaji ya cire tarar da rabin asarar daga haƙƙina. Na ɗauki kwafin takardar laifin da rasit da hoton cikin tayar na kai wa shugaban reshenmu na ƙungiyar direbobi. Ya kira Alhaji, aka zauna a rumfar tasha. Shugaban ya karanta laifin da ƙarfi, ya ba shi wayata ya ga hoton, sannan ya ce, "Alhaji, tsakaninka da direba, wa ke sayen taya?" Alhaji ya maido min da kuɗina a gaban mutane. A wannan zaman na nuna masa cewa tayoyin bodi uku su ma wa'adinsu ya wuce ko ya kusa, ya ce za a canza bayan sallah. An canza biyu, ta ukun na mayar da ita layin tsakiya ta ciki, kuma duk dawowa sai na tuna masa.